Rumbu Ya Cika, Amma Ba Da Hatsi Ba

Waɗanda suka aiko suna cigiyata saboda ba su ga rubutuna ba watan jiya, na gode ƙwarai, lafiyata ƙalau, iyali ma haka. Kwamfuta ce ta yi mini tawaye. Na zauna bayan sallar isha'i na rubuta shafi biyu cur a kan tsadar kuɗin mota tsakanin Sinnar da Gadarif, na zo adanawa, sai ta fito mini da wani ɗan saƙo wai babu wuri. Na sake dannawa, ta sake cewa babu wuri. Kafin in ƙwala wa yaro kira aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama ya daɗe da mutuwa, shi ke nan shafi biyu suka bi ruwa. To amma abin da ya biyo baya ya fi maganar kuɗin mota nauyi, don haka shi zan ba ku yau.

Kun san sana'ata, sayen amfanin gona: riɗi, gyaɗa, dawa, wani lokaci zoɓo. Ƙauyenmu yana nan gefen Makwar, inda Turawan Ingila suka datse kogi suka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwan da ya raya gonakin audugar Jazira. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya tsinkar auduga, tsayawar da har yau ba mu tashi ba. Mahaifina shi ya fara awo. Yana da wani ƙaton littafi mai baƙin bango da yake rubuta bashi a ciki da ajami, kuma doka ɗaya ya kafa mini tun ina ɗan shekara goma sha biyu: ba a kankare rubutu a littafin bashi. In an yi kuskure, ko mai bashi ya biya, sai a ja siririn layi ɗaya a kai yadda na ƙasa zai karantu, a rubuta sabon a gefe. Ranar da na sa reza na kankare lamba ɗaya don littafin ya yi tsabta, marin da na sha har yanzu in na tuna sai na shafa kuncina.

A 2019 ɗana na biyu ya matsa mini na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a kasuwar Madani. Rumbunta giga 128. Ya buɗe mini fayil ɗaya mai layi-layi, ni kuma na kwashe duk harkata na zuba a ciki: wanda nake bi, wanda ke bi na, wanda ya karɓi kuɗi da damina zai biya da amfani in kaka ta yi, abin da Larabawan nan ke kira shel, da kuma kayan da mutane ke bari a sitona ajiya. Yaron ya ƙaro da wata dabara, duk rasit ko takardar yarjejeniya sai ya ɗauki hotonta da waya ya liƙa a cikin fayil ɗin, a gefen sunan mai ita, don komai ya zama wuri ɗaya. Na yaba masa a lokacin, har na sai masa takalmi.

Ba zan raina na'urar nan ba. Da Madani ta faɗi a Disambar 2023 mun daure mun zauna. Da Singa ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, hanyoyi suka fara toshewa, sai muka bi ayarin masu gudu zuwa Gadarif. Uwargida ce ta naɗe kwamfutar a tsohon zani ta cusa cikin buhun gari. Da muka dawo farkon 2025, shago babu ƙofa, littattafaina na takarda har da mai baƙin bangon nan na mahaifina an hura wuta da su. Ban da abin da ke cikin buhun garin nan, da ban san wa zan ce wa kawo ba, ban kuma san wa zan ce wa ga naka ba.

Wata biyu kafin daren da na ba ku labari ta fara gargaɗin cewa wuri ya kusa ƙarewa. Ni da yaron muka duba abin da ya fi girma a idonmu, sai bidiyon bikin babbar 'yata. Muka dubi juna, muka dubi ƙofar ɗakin uwarsa, muka goge. Giga 9 muka samu. Na ɗauka an gama, ashe wata biyu kawai muka saya.

Washegarin daren da ta ƙi adanawa, yaron ya ɗauke ta ya zauna da ita ƙarƙashin bishiyar dalbejiya tun hantsi har la'asar. Ya tara lissafin duk abin da ake gani a ciki, takardu da hotuna da manhajoji, bai kai rabin rumbun ba. To ina sauran? Sai can ya gano wani lungu da ba ya fitowa a fili, shi kaɗai ya cinye giga 58. Da ya leƙa, ba komai ba ne a ciki illa littafin bashina. Shi ɗin dai, sau 312.

Bari in yi bayani yadda ni ma aka yi mini, don na san da yawa cikinku kuna da irin wannan a gida ba ku sani ba. Ka ɗauka ka ɗauki magatakarda, ka ce masa ya kula kada wani abu ya ɓace. Shi kuma don tsabar biyayya, duk sa'ar da ya ga ka canja ko da lamba ɗaya ce a littafi, sai ya zauna ya kwafe littafin tun daga bango har bango, ya rubuta rana da lokaci a kai, ya kai rumbu ya ajiye. Ba ya tambayarka, ba ya gaya maka, kuma ba ka taɓa ce masa ya zubar da na bara ba. Haka kwamfuta ke yi in an kunna mata adana tarihin fayil. Wasu suna da wayo, abin da ya canja kawai suke ajiyewa. Wasu kuwa fayil ɗin suke kwafewa ɗungurungum. Tawa irin ta biyun ce. Wani mai gyara ne ya kunna mata a 2022 da na kai masa ita, da kyakkyawar niyya kuma, ya ce ko da wata rana na goge abu bisa kuskure.

Da rubutu ne zalla a littafin da ba a ji komai ba, don rubutu ba shi da nauyi. Hotunan nan ne suka jawo. Hoton waya ɗaya wajen mega 3 ne, mun liƙa kusan 80, fayil ya zama mega 240. Kwafi huɗu ke nan sun kusa cinye giga guda. Wato in na rubuta cewa wane ya kawo mudu biyu na dawa, sai ta kwashi hotuna tamanin ta sake ajiyewa saboda mudu biyun nan.

Yaron ya ce, "Baba, abu mai sauƙi ne. Akwai wurin da zan danna ta share tsofaffin duka ta bar na yau kaɗai." Na ce to danna mana. Har ya kai hannu, sai kawai na ce tsaya, nuna mini ɗaya tukuna in ga yadda suke. Ba wani tunani na yi ba, son gani ne irin na tsoho. Ko kuwa in faɗi gaskiya, akwai wata magana da ta kwana bakwai tana sukata.

Ina da aboki, tare muka yi makarantar allo, tare muka yi aure shekara ɗaya. Manomin riɗi ne. Kwalarar da ta ɓarke a daminar 2024 ita ta ɗauke shi muna gudun hijira, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Mako guda kafin wannan rana babban ɗansa, yaro ɗan shekara ashirin, ya zo shagona ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Baffa, Inna ce ta aiko ni. Baba kafin ya rasu ya ce yana da buhu arba'in na riɗi a wurinka." Na ce haka ne, ba a manta ba. Na buɗe kwamfuta na juya masa fuskarta: ga sunan babanka, ga kuɗinsa, jine miliyan 3 da dubu 200. (Mu nan in ana ciniki miliyan ɗin ma biliyan ake ce masa, don har yau bakin mutane bai bar lissafin tsohon kuɗi ba. Baƙo sai ya ɗauka dukanmu attajirai ne.) Yaron ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Baffa, buhu ya ce, bai ce kuɗi ba."

Wanda ba ya Sudan ba zai gane girman maganar nan ba. Kafin yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, dalar Amurka ɗaya wajen jine 600 ce. Ta daɗe da haura 2,000. Kuɗin da ke rubuce ɗin nan, da kuɗin buhu arba'in ne, yau da ƙyar ya sayi goma sha biyu. Tsakanin buhu da kuɗi akwai abincin marayu na shekara biyu.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce masa ni da ubansa shekara hamsin ba mu taɓa jayayya a kan sisi ba, ga shi a rubuce, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ya ba ni haƙuri ya tashi ya tafi. Kuma wallahi a lokacin na yarda da abin da nake faɗa. Abin da na gani a allo shi na sani.

To shi ne na ce wa ɗana ya buɗe mini na ƙarshen 2022, lokacin kakar riɗi. Ya buɗe na 14 ga Disamba. Muka gangara zuwa sunan marigayin. Babu kuɗi a wurin ko jine ɗaya. Abin da ke rubuce, da irin Hausata da irin kuskuren da nake yi wajen bugawa, shi ne: riɗi buhu 40, ajiya, nasa ne, ba a sayarwa sai ya ce. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Janairu haka. Maris haka. Sai a na farkon Yunin 2023 layin ya ɓace, kuɗi suka hau wurinsa. Babu siririn layi, babu na ƙasa da zai karantu. Reza ce dai na sa, irin ta zamani.

Nan take komai ya dawo mini. Watan nan ne ƙanena ya gudo daga Khartum da iyalinsa da na makwabcinsa, muka wayi gari mu goma sha tara a gida. Bankuna a rufe, masu saye daga Omdurman sun daina zuwa, kuɗina duk suna hannun manoma. Wani ɗan kasuwa ya zo da tsabar kuɗi yana neman riɗi, na buɗe sito na ba shi na abokina. Na tuna na tare shi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a na ce masa, "Malam, na fa taɓa riɗinka." Ya ce, "Ba komai Alhaji, ma yi lissafi." Na dawo gida na share layin na rubuta kuɗin da na karɓa. Daga nan wahala ta bi wahala, ni kuma duk sanda na buɗe littafin kuɗi nake gani, har zuciyata ta zauna a kan cewa cinikin da yardarsa aka yi, kuɗi yake bi na.

Muka yi shiru ni da yaron. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Baba, har yanzu in share duka?" Ban san da wace manufa ya yi tambayar ba, ban kuma tambaye shi ba har yau. Abin da na sani, sai da zuciyata ta raya mini cewa danna ɗaya ne. Mai riɗi yana kabari. Littafin takarda ya zama toka. Ɗansa bai san akwai wani lungu a kwamfuta ba. Na ce masa rufe ta, an kira magariba.

Da dare na gaya wa uwargida, ina ɗan kewaye-kewaye, ina cewa ai marigayin ya ce ba komai. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Alhaji, ni na dafa abincin da aka saya da kuɗin riɗin nan. Tun a lokacin na san ajiya ne. Na ɗauka kai ma ka sani." Ta juya ta yi kwanciyarta.

Da asuba na tsaya bayan an watse na faɗa wa limaminmu komai, har da maganar ƙofar masallaci, don ita ce 'yar igiyar da nake riƙe da ita. Ya ce, "Da ya ce ma yi lissafi, ya ce maka ya sayar maka?" Na ce a'a. "Kun yanke farashi?" Na ce a'a. Ya ce to ajiya ce ka ci, kuma abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, in an ci shi da irinsa ake biya, ba da kuɗin ranar da aka ci ba. Ya ƙara da tuna mini cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Na ce Malam ai na rubuta. Ya ce ka rubuta, ka kuma goge.

Na je gidan da kaina, ban aika ba. Na gaishe da matar daga bakin zaure, na ce yaronta ya fi ni gaskiya. Buhu arba'in a lokaci ɗaya ba ni da shi, ko sayar da ni za a yi. Muka daidaita a kan 15 a kakar bana, 15 a ta baɗi, 10 a ta uku in da rai, riɗi mai kyau wanda aka sheƙe, ba na ƙasan sito ba. Aka rubuta a takarda biyu, liman da ƙanen marigayin suka sa hannu, ɗaya tana wurinsu ɗaya tana wurina. Rufin shagon da na yi niyyar sakewa bana sai ya jira, in damina ta zo ma sa bokiti.

Sai maganar rumbu, don har a lokacin kwamfutar ba ta adana ko harafi. Ba mu share duka ba, ba mu kuma bar duka ba. Yaron ya bi ya tsamo kwafin ƙarshe na kowane wata ya zuba a filash mai giga 32, bai ko ci rabinsa ba. Sannan ya share sauran ta hanyar da ita kwamfutar ta tanada. Wannan ku riƙe shi da kyau: kada wani ɗan gyara mai gaggawa ya kutsa cikin ɓoyayyen lungun ya riƙa gogewa da hannu, don yana iya rikita mata lissafi har ta kasa buɗe waɗanda kuke so. Bayan haka muka kwashe hotunan daga cikin littafin muka ba su folda tasu, kowace shekara daban, a littafin kuma lambar hoton kawai ake rubutawa. Fayil ɗin da yake mega 240 ya dawo bai kai mega ɗaya ba. Yanzu ko sau dubu ta kwafe shi bai cika giga guda ba, don haka na ce a bar mata magatakardanta ya ci gaba da aikinsa. Na kuma buɗe sabon layi a gefen kowane suna, na bayani. Ba na sake share abin da na rubuta, sai dai in ƙara a gefe da kwanan wata.

Masu Windows, abin sunansa File History, ya zo tun Windows 8 a 2012. In an kunna shi aka bar shi yadda ya zo, duk awa yake duba abin da ya canja, kuma har abada yake ajiyewa. A cikin saitinsa ana iya ce masa ya riƙe na wata ɗaya, ko uku, ko shekara, ko kuma ya riƙa zubar da tsofaffi in wuri ya ƙure, akwai kuma wurin share na baya. Masu Mac, tasu tun 2011 take yin haka a manhajoji irin su Pages da Numbers, a cikin rumbun kwamfutar take ɓoye su, kuma daga cikin fayil ɗin ake shiga a ga na baya a cire wanda ba a so. Masu rubutu a Google Docs ko Sheets tarihinsu yana can a intanet, ba ya cin rumbunsu, sai dai ranar da babu layi babu littafi. Mu da muka ga yadda layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasar nan a Fabrairun 2024 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abu biyu kuma da ban sani ba sai yanzu. Kwafi 312 ɗin nan duk a ciki ɗaya suke kwana. Da an buɗe buhun garin nan a hanyar Gadarif an ɗauke kwamfutar, da sun tafi gaba ɗaya, na yau da na bara. Wanda ya tara hatsinsa a rumbu ɗaya gobara ɗaya ta ishe shi. Yanzu duk ƙarshen wata ina tura wa ƙanena da ke Jidda kwafi ta WhatsApp, tunda fayil ɗin ya yi sauƙi, filash ɗin kuma yana cikin adakar uwargida. Na biyu, in za ka sayar da tsohuwar kwamfuta ko ka ba wani, goge fayil ɗin da kake gani bai isa ba. A wasu kwamfutocin tsofaffin kwafi suna nan a lungunsu, da sunayen masu bashinka da sirrin gidajen mutane. Sai an wanke rumbun gaba ɗaya.

Maganar bidiyon biki kuwa ta fito, don yaron bakinsa ba ya riƙe ruwa. Kwana uku ana ba ni tuwo ba a ce mini sannu. An ce akwai kwafi a wayar wata ƙanwar angon a Damazin, mun aika, muna jira wani mai zuwa ya taho da shi. Wuri dai yanzu akwai, wajen giga 58. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake rubuta muku maganar kuɗin motar Gadarif, don tun daga wancan daren har an sake ƙarawa.